Rumfar da Ba Ta da Ƙofa

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman ɗankwalina alhali yana kaina, akwai abin da na san ba zai fita daga raina ba, shi ne shekarar da muka ɗauko ɗan kwangila ya gina wa maigidana rumfa a gidanmu na Obiagu, cikin garin Inugu. Shekaru sun shuɗe, wasu daga cikin jikokina ma ba su san shi ba sai a hoto, amma ni har yau ina iya ba da labarin kamar jiya aka yi.

Maigidana ɗan kasuwa ne a kasuwar Ogbete, wake da albasa yake saukewa daga Arewa. Ya kawo ni garin nan ina amarya, ban san kowa ba, ko barka da asuba ban iya da yaren mutanen ba. Shi kuwa mutum ne mai jama'a. Da zarar an yi la'asar, gaban shagonsa ya zama majalisa: benci biyu, butar shayi, rediyo, sai gardamar da ba ta ƙarewa. Ni ban taɓa ganin majalisar nan da idona ba, labarinta kawai nake ci tare da tuwon dare. Sau da yawa nakan ce masa abokansa sun cinye shi ɗanye, ni sai ragowa ake kawo mini. Sai ya yi dariya ya ce in ƙaro miya.

Hawan jini ne ya kayar da shi wata safiya yana alwala. Da aka sallamo mu daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, sai a keken marasa lafiya ake tura shi. Da farko 'yan dubiya sun cika mana falo har na rasa inda zan sa ƙafa. Daga baya ƙafa ta fara ɗaukewa, kamar yadda ta saba, don kowa da abin da ke gabansa. Yara kuma duk sun watse. Babban yana aiki a Fatakwal, 'yan matan suna ɗakunan mazajensu, ɗaya a Anacha, ɗaya a Kano. Gida ya rage daga ni sai shi. Mutumin da a da sai na roƙe shi ya yi shiru in ji labarai, ya koma yini guda yana kallon labule. Ina kicin ina jin numfashinsa, saboda tsabar shirun gidan. Wallahi na ji tsoron shirun nan fiye da ciwon kansa.

Babban ɗanmu ne ya kawo shawarar rumfa. Ya turo mini hoto ta waya, wani dandamali na katako da rufi da kujeru, irin na gidajen masu hali. Ya ce, “Umma, likita ya ce Abba ya riƙa shan iska. Kuma in akwai wurin zama mai kyau, abokansa za su riƙa zuwa su taya shi hira.” Wannan magana ta ƙarshe ita ta shige ni. Ni ba iskar ce ta dame ni ba, so nake majalisa ta dawo wa mijina tun kafin shiru ya ƙarasa shi.

Wani maƙwabcinmu ya haɗa mu da ɗan kwangila, Ibo ne, gajere mai faɗin kafaɗa, kullum da fensir a bayan kunne. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ta wuce gaisuwa da ciniki ba, ni kuma buroka tawa, wato Turancin kasuwa, ta zauna daram bayan shekarun da na yi, saboda haka muka riƙa haɗawa muna fahimtar juna. Ya zagaya gidan yana auna nan yana auna can. Gaban gida bai da wani fili, daga ƙofa sai kwata, daga kwata sai titi da hayaƙin motoci. Ta baya kuwa akwai fili mai gangara, da bishiyar mangwaro, da doguwar katanga da aka kafa wa fasassun kwalabe. Ya tsaya a ƙarƙashin mangwaron ya buɗe hannuwa ya ce, “Mama, na here! Breeze dey, noise no dey, nobody go disturb Alhaji.” Wai ga iska, babu hayaniya, kuma ba wanda zai dami Alhaji. A wurinsa babu yabon da ya fi wannan, don su abin da suke so ke nan, mutum ya kewaye kansa ya huta da iyalinsa. Ni ma na ce madalla, tunda daga tagar kicin zan riƙa hango shi.

Ya yi bayani dalla-dalla. Saboda gangarar, zai kafa ƙafafun ƙarfe a cikin siminti, ya shimfiɗa katako a kansu daidai da tsayin ƙofar ɗakin Alhaji, yadda keke zai fita ba tare da an ɗaga shi ba. Za a shafe katakon da maganin gara, a rufa kwano, a kewaye bakin dandamalin da shingen katako a ɗaure da noti, kada keke ya zarce ya gangara. Na kafa masa sharaɗi biyu, ban da aiki lokacin sallar Juma'a, kuma ban da shigo mini da giya. Ya dafe ƙirji ya ce, “No wahala, Mama.”

Aka fara aiki, gida ya hargitse. Kafintoci da mai walda da birkila suna ratsa falo da buhunan siminti, ni kuwa ina yini cikin hijabi ina zufa ina mita. Jar ƙasar Inugu ta ɓata mini darduma har yau ba ta koma daidai ba. Amma Alhaji fa? Tun da hantsi yake buga hannun kekensa a tura shi bakin ƙofa. Yana nuna musu da hannun hagu, wannan katakon ya karkace, wancan ya yi gajere. Su kuma suna biye masa, suna ce masa injiniya. In suka zauna cin abinci sai ɗan kwangila ya jawo bulo ya zauna kusa da shi, su yi ta maganar tsadar kaya, rabi da baki rabi da hannu. Wata rana na ji wani sauti daga waje, na fito da gudu da ludayi a hannu, ina zaton ƙwarewa ya yi. Ashe dariya ce. Na manta yadda take, shi ya sa ban gane ta ba.

Ruwan sama ya ja aikin ya yi tsawo, na yi ta masifa a waya ina cewa an mayar mini da gida kango. Daga ƙarshe dai aka gama. Gaskiya rumfa ta yi kyau, ko maƙiyi ya gani sai ya yaba. Katako sumul, kwano ba ya yoyo, iska tana kaɗawa ta cikin ganyen mangwaro. Muka shimfiɗa tabarmi, muka sa benci, na sayo sabuwar butar shayi da ƙananan kofuna. Na aika wa abokansa cewa su zo a yi addu'a.

Sun zo kuwa, da manyan rigunansu, amininsa mai sayar da shinkafa yana gaba. Suka yi sallama a ƙofar gida, na ruga na saka hijabi, na kwashe wankin da na shanya, na janye tukunya daga hanya, na shige ɗaki na turo ƙofa. Suka ratsa falo, suka bi ta gaban kicin, suka wuce ƙofar ɗakina kowa kansa a ƙasa, har suka fita rumfa. Aka yi addu'a, aka sha shayi, aka yaba aiki. Kafin magariba suka sake yin layi suka fice, kowa yana gyaran murya don in san suna wucewa. Na ce a raina, shi ke nan, an buɗe majalisa.

Washegari na dafa shayi bayan la'asar, ba wanda ya zo. Jibi ma haka. Mako ya zagayo, shayi yana hucewa a buta ina zubarwa. Alhaji yana zaune shi kaɗai a tsakiyar wannan kyakkyawan dandamali, gabansa katanga, bayansa ɗaki, sai ƙadangaru da ke bin bango. Nakan kai kujera in zauna kusa da shi in ɗauko labari, amma ni me na sani game da farashin wake a kasuwar Dawanau? Zai saurare ni da ladabi kamar baƙuwa, can sai in ga idonsa ya koma kan katanga. Raina ya ɓaci da abokan nan ƙwarai. Na zage su a zuci, na ce ashe shayi da inuwar shago suke bi, ba mutumin ba.

Ana nan wata rana Alhaji ya kira ni, ya kama shingen da hannun hagu ya girgiza. Shinge ya yi lilo. In keke ya daki wannan abin, sai dai a tsinto shi a gindin gangara. Nan take na kira ɗan kwangila. Ya zo ya duba, ya ce noti ne ya kwance, ya ɗaure shi tam. Da ya gama Alhaji ya nuna masa benci, na kawo shayi, suka zauna har inuwa ta juya. Ranar Alhaji ya cinye tuwonsa tas.

Ba a daɗe ba wani notin ya sake kwancewa, ta ɗaya gefen. Ya zo ya ɗaure, yana ta juya kai. A karo na gaba kuwa ban bari ya kai rumfa ba, a falo na tare shi na wanke shi tas. Na ce ya yi mana aikin ha'inci, ya ga tsoho mara lafiya da mace ita kaɗai ya raina mu, in mijina ya faɗo daga can sai na tara masa jama'a. Ya tsaya yana kallona, idonsa ya kaɗa. Ya ce, “Mama, I swear, na my hand tight am. Aikina ba ya haka.” Wai ya rantse da hannunsa ya ɗaure su. Ya ce shi dai gobe zai zo da mai walda a liƙe kowane noti, yadda ko giwa ba za ta kwance shi ba, daga nan kuma kada a sake kiransa. Ya faɗa da ƙarfi, Alhaji yana ji daga rumfa. Ranar ko shayin bai tsaya sha ba.

Da hantsin washegari ina tankaɗe a kicin, sai na ɗaga kai na leƙa ta taga. Alhaji ya tura kekensa da ƙafa ɗaya har jikin shinge. Ya waiga ya dubi ƙofa, sannan ya cusa hannu ƙarƙashin matashin da yake zaune a kai, ya zaro wata 'yar sifana, irin wadda ake kwance noti da ita. Ina jin tun lokacin aiki ma'aikata suka manta da ita ya ɓoye. Ya ɗora ta a kan noti, ta zame. Ya sake ɗorawa, ta sake zamewa. Mutumin da ko cokali da ƙyar yake riƙewa da hagu, ya cije leɓe, zufa tana bin wuyansa, yana turawa da dukan ƙarfin da ya rage masa. Da notin ya motsa, sai ya jingina yana haki, ya mayar da sifanar inda take, ya gyara hularsa, ya zauna yana jira.

Na tsaya da rariya a hannu. Alhaji guda, wanda a da sai an yi masa layi a gaisa da shi, shi ne yake lalata shingen da ke tsare ransa don kawai wani ya zo ya zauna da shi na ɗan lokaci. Na zauna a kan turmi na yi kuka mai isata, na toshe baki da gefen zane kada ya ji. Ban taɓa gaya masa na gani ba har ya koma ga Allah.

Na wanke fuska, na kira ɗan kwangila na ce ya dakata da zancen walda. Bayan la'asar na roƙi matar maƙwabcinmu ta riƙa leƙa Alhaji, na ɗauki hijabi na nufi Ogbete. Duk zamana a garin nan ban taɓa taka layin 'yan hatsi ba, sai ranar. Na same su kuwa, majalisa tana nan da ranta, ta koma gaban shagon mai shinkafa. Aminin nasa ya taso da sauri, ya ja gefe.

“Hajiya, ke ce da kanki? Ina wuni. Lafiya dai ko? Ya mai jiki?”

“Lafiya lau, Malam. Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya kasuwa, ya iyali?”

Sai da muka gama gaisuwa tsaf, sannan na sauke abin da ke cikina. Na ce, “Malam, me ya yi muku? An gina rumfa dominku, kun zo sau ɗaya kun ɗauke ƙafa. Ko don ya daina sayen shayi ne?”

Maganar ta yi masa zafi, na gani a fuskarsa. Ya ce, “Haba Hajiya. Wallahi kullum sai an ambace shi a bencin nan. Amma ki duba mana. Gidan aure ne. Dubiya daban, wannan ko ina ne a shiga, a yi addu'a a fito. Zaman majalisa kuwa ba a yin sa a cikin gidan mutum. Ranar nan muna gani kika bar girkinki kika ɓuya, muka bi ta ƙofar ɗakinki mu goma sha wani abu. Yaya za mu yi miki haka kullum? Wani ma tsayawa zai yi ya gaisa ya wuce, sai ya tashe ki don wannan? Ai da kunya.”

Ni da na tashi a Kano, gidanmu da zaure, an rubuta “ba a shiga” a bango da gawayi. Kakana a dakalin ƙofar gida ya tsufa, duk mai wucewa sai ya rage tafiya ya gaishe shi. Na san wannan sarai, amma zaman gidajen nan marasa zaure ya sa ya kwanta mini a rai. Ɗana ya ga hoto, ɗan kwangila ya ga iska, ni na ga tagar kicin, ba wanda ya tuna ta ina baƙo zai shigo.

Bayan katangarmu akwai wani lungu da masu zuwa masallaci suke bi. Washegari na sa ɗan kwangila ya zo, na fara da ba shi haƙuri, na ce aikinsa ba shi da laifi ko kaɗan, kada ya tambaye ni yadda na sani. Ya dube ni, ya dubi Alhaji da ke can rumfa. Sannan na ce ina so ya fasa katanga ya sa ƙofa ta lungu, ya yi matakala zuwa dandamali, ya kuma kafa wani allon katako ya tsare tsakanin rumfa da cikin gida. Ya riƙe kai ya ce, “Mama, people dey close wall, you wan open am? Ɓarawo fa?” Wai mutane na toshe katanga, ni ina neman buɗewa. Na ce ɓarawon da zai zo ya yi sallama ya sha shayi, ina maraba da shi. Ya yi dariya har fensirinsa ya faɗi.

Cikin 'yan kwanaki ƙofa ta tsaya, ta ƙarfe, da sakata ta ciki. Ranar da aka gama na zare sakatar bayan la'asar na bar ta a buɗe, na aika kasuwa. Ba zan yi ƙarya in ce rumfa ta cika ba. A watannin da muka ɓata, ɗaya daga cikin abokan ya rasu, wani ya tattara ya koma Arewa, wasu kuma sun saba da sabon benci. Mutum biyu ne suka zo, mai shinkafa da wani tsohon mahauci. Suka hawo matakala ba tare da sun nemi iznin kowa ba. Mai shinkafa ya cire takalmi ya ce, “Kai malalaci, kana nan kana shan iska, mu muna can rana tana gasa mu!” Alhaji ya ɗaga hannun hagu yana kai masa duka a iska, bakinsa yana rawa yana neman ramuwa.

Na kawo shayi na miƙa ta gefen allon, sai na tsaya, don na saba ni ke riƙe masa kofi. Alhaji ya juyo ya dube ni. Ya tattaro harshensa da ƙyar, ya ce, “Ke, shiga ciki. Muna magana.”

Rabon da ya ba ni umarni tun kafin ya faɗi. Na ce, “To, Alhaji,” na koma kicin na zauna ni kaɗai, ina jin muryoyin maza ta bayan allo suna gardama a kan kuɗin motar albasa. Ban san ko daɗi nake ji ko kewa ba, ina jin duka biyun ne. Na dawo masa da abokansa, su kuma sun sake karɓe shi daga hannuna, kuma ban taɓa yin farin ciki da kora irin ta ranar ba.

Bai kai damina ta gaba ba. Amma a abin da ya rage masa, babu yammar da ya yi shi kaɗai, ko mai wucewa masallaci ne sai ya leƙo ya ce ya jiki. Ta wannan ƙofar aka fitar da shi, ɗan kwangila yana tsaye a lungu da hularsa a hannu.

Abin da na koya ban koye shi da arha ba. In za ka yi wa mara lafiya ko tsoho gata, kada ka tsaya a kan abin da zai yi kyau a ido ko abin da zai sauƙaƙa maka kula da shi. Ka fara tambayar kanka me ya rasa, kuma ta wace hanya abin zai iso gare shi. Mu mun ba Alhaji inuwa da iska da katako mai tsada, alhali shi sallama yake jira, kuma mun kusa barin sa ya mutu bai ji ta ba.